Paul Broca: Likitan Da Ya Gano Dalilin Ɗaukewar Magana Bayan Shanyewar Ɓarin Dama

Idan ka taɓa jinyar wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, ko ka je dubiya ɗakin masu irin wannan lalura a asibiti, mai yiwuwa ka lura da wani abu. Wanda hannunsa da ƙafarsa na dama suka shanye shi ya fi yawan rasa magana. Za ka ga yana kallonka, yana gane ka, yana so ya kira sunanka, amma kalmar ta ƙi fitowa. Maƙwabcin gadonsa kuwa, wanda ɓarin hagu ya shanye, sau da yawa yana iya hira da kai ko da muryar ta ɗan karye. Wannan bambanci yana da dalili a cikin ƙwaƙwalwa, kuma mutumin da ya fi kowa tabbatar wa duniya da shi wani likitan tiyata ne ɗan ƙasar Faransa mai suna Paul Broca, wanda ya rasu a shekarar 1880. Sanin tarihinsa zai taimaka maka ka fahimci abin da ke faruwa da majinyacinka, ka kuma san alamomin da bai kamata a kwana da su a gida ba.

Jikinka kashi biyu ne

Tsaya gaban madubi ka ja layi a zuciyarka daga tsakiyar goshi, ya bi ta karan hanci da haɓa har zuwa cibiya. Abin da ke dama ya yi kama da abin da ke hagu: ido biyu, kunne biyu, hannu biyu, ƙafa biyu. Haka akuya take, haka kaza da ƙadangare da kifi, haka fikafikan malam-buɗe-littafi. Mafi yawan dabbobin duniya a kan wannan tsari suke, domin halittar da ke tafiya gaba tana buƙatar ɓangarorinta biyu su daidaita kafin ta iya tafiya sak.

Da zarar an leƙa cikin jiki sai labari ya canza. Zuciya ta karkata hagu. Hanta tana dama, saifa da tumbi suna hagu. Huhun dama yana da sassa uku, na hagu biyu. Tun a makonnin farko na ciki ake tsara wannan rabo, lokacin da wasu ƙananan gashi masu motsi a jikin ɗan tayi ke kaɗa ruwa zuwa hagu, sai gaɓoɓi su san inda za su zauna. Kusan mutum ɗaya cikin 10,000 ana haifarsa da kayan cikinsa a juye, zuciya a dama, hanta a hagu, kuma da yawansu suna rayuwa lafiya ba tare da sun sani ba.

To ƙwaƙwalwa fa? Idan aka buɗe ƙoƙon kai za a tarar da ita rabi biyu, dama da hagu, masu kama da juna ƙwarai. Likitocin farkon ƙarni na 19 sun ɗauka cewa tunda kamarsu ɗaya, aikinsu ma ɗaya ne, kamar yadda ido biyu ke gani ko ƙoda biyu ke tace jini. Babban masanin sassan jiki na Faransa, Xavier Bichat, wanda ya rasu a 1802, ya koyar da haka a matsayin ƙa'ida, ɗalibai suka yi ta haddace ta shekara da shekaru. A kan wannan koyarwa Broca ya tashi, kuma marasa lafiyarsa ne suka tilasta masa ya bar ta.

Haihuwa da karatu

An haifi Pierre Paul Broca ranar 28 ga Yuni, 1824, a wani ƙaramin gari mai suna Sainte-Foy-la-Grande a kudu maso yammacin Faransa, kusa da birnin Bordeaux. Mahaifinsa, Benjamin Broca, likita ne da ya yi aikin tiyata a rundunar Napoleon kafin ya dawo gida ya ci gaba da duba mutanen garinsu. Yaron ya taso da kaifin basira, musamman a lissafi. A 1841, yana ɗan shekara 17, ya tafi birnin Faris karatun likita. Ya fara aiki a asibitocin birnin a matsayin likita mai neman ƙwarewa yana ɗan shekara 20, ya karɓi digirinsa na likita a 1849, sannan a 1853 ya zama cikakken likitan tiyata kuma malami a makarantar likitoci.

Ayyukansa na farko ba su shafi ƙwaƙwalwa ba. Yana cikin likitocin Faransa na farko da suka dage sai an yi amfani da madubin likita wajen duba ƙari, a lokacin da manyan malamansa ke yi wa na'urar kallon kayan wasa. Ya yi bincike a kan ƙashi da guringuntsi, da cutar da ke lanƙwasa ƙafafun yara. A 1856 ya wallafa babban littafi a kan kumburin jijiyar jini da hanyoyin magance shi. Daga baya ya rubuta littafi mai juzu'i biyu a kan ƙari da ciwon daji, wanda na farkonsa ya fito a 1866. A ciki ya ba da labarin wani iyali da mata goma suka mutu da sankarar mama cikin zuriya huɗu, ya ce akwai alamar gado a wannan cuta. Sai bayan fiye da shekara 120 aka gano ƙwayoyin gadon da ke haddasa hakan a wasu iyalai. Wannan shi ne dalilin da likita kan tambaye ki ko akwai mai sankarar mama a danginku.

A 1857 ya auri Augustine Lugol, 'yar likitan nan Jean Lugol wanda ya haɗa ruwan aidin da har yau ake kira da sunansa. Sun haifi 'ya'ya uku, mace ɗaya da maza biyu. Auguste ya zama sanannen likitan tiyatar yara, André kuma ya zama malamin fizik a fannin likitanci.

Muhawarar da ta raba likitoci

A 1859 Broca ya kafa ƙungiyar nazarin ɗan Adam ta birnin Faris. Gwamnatin lokacin ba ta yarda da taron masana irin wannan ba, sai ta ba da izini bisa sharaɗin ɗan sanda zai riƙa zama a duk taron da za a yi. A wannan zaure aka sake tayar da wata tsohuwar gardama: shin ƙwaƙwalwa dunƙule ɗaya take aiki, ko kowane yanki da nasa aikin?

Maganar rabon aiki a ƙwaƙwalwa ta riga ta yi baƙin jini saboda wani likita Bajamushe, Franz Joseph Gall, wanda ya yi iƙirarin cewa ana iya sanin halin mutum ta hanyar shafa tudu da kwarin ƙoƙon kansa. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma ya sa masana da yawa suka guji batun baki ɗaya. Amma wani likita, Jean-Baptiste Bouillaud, ya dage tun 1825 cewa magana tana gaban ƙwaƙwalwa, ta bayan goshi. Har kyautar kuɗi faran 500 ya sa ga duk wanda ya kawo masa mutumin da gaban ƙwaƙwalwarsa ya lalace sosai amma maganarsa ba ta taɓu ba. A farkon watan Afrilu na 1861 surukinsa, Ernest Auburtin, ya tsaya gaban ƙungiyar Broca ya kare wannan ra'ayi, ya kuma yi alkawarin janye shi idan aka samu wanda ya rasa magana alhali gaban ƙwaƙwalwarsa lafiya ƙalau. Broca yana zaune yana saurare.

Mutumin da gaɓa ɗaya ta rage masa

Mako guda bayan haka, ranar 11 ga Afrilu, aka kawo wani majinyaci sashen tiyata na asibitin Bicêtre inda Broca ke aiki. Sunansa Louis Victor Leborgne, shekarunsa 51. Ya yi fama da farfaɗiya tun yana matashi. A 1840, yana da kimanin shekara 30, maganarsa ta ɗauke, aka kawo shi wannan asibiti, bai sake fita ba. Duk abin da aka tambaye shi gaɓa ɗaya yake iya furtawa, wato tan, yakan maimaita ta sau biyu, har ma'aikata suka mayar da ita sunansa. Idan ransa ya ɓaci ƙwarai kuwa, wani ashar guda ɗaya kan kuɓuce masa cikakke. Bayan kimanin shekara goma hannunsa na dama ya fara mutuwa, sannan ƙafar dama ta biyo baya, ya shafe shekara bakwai a kwance. Ruɓewar ƙafar ce ta kawo shi hannun Broca.

Broca ya duba shi da kyau, ya kuma gayyato Auburtin ya gani da idonsa. Harshen Leborgne yana motsi, muryarsa tana fita, yana jin abin da ake faɗa. Da Broca ya tambaye shi shekara nawa ya yi a asibitin, sai ya buɗe yatsun hannunsa na hagu sau huɗu, ya ƙara yatsa ɗaya. Shekara 21 ke nan, kuma daidai ne. Hankalinsa yana nan, hanyar mayar da tunani zuwa kalma ce ta toshe.

Leborgne ya rasu ranar 17 ga Afrilu. Washegari Broca ya ciro ƙwaƙwalwarsa ya kai gaban ƙungiyar. A gaban rabin hagu akwai wani rami cike da ruwa wanda girmansa ya kai ƙwan kaza. Broca ya yi nazarin gefen raunin, ya ce ɓarnar ta faro ne daga ninki na uku na gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke daidai da gefen kai, gaba da kunnen hagu kaɗan. Bai yanka ƙwaƙwalwar ba. Ya ajiye ta cikin ruwan adana nama ya miƙa wa gidan adana kayan tarihin likitanci, domin na baya su duba su yi nasu hukuncin.

A ƙarshen wannan shekarar aka kawo masa wani dattijo mai shekara 84, Lazare Lelong, wanda ya faɗi ya karya ƙashin cinya. Fiye da shekara ɗaya kafin nan ya yanke jiki ya faɗi, ya farfaɗo da kalmomi biyar kacal: na'am, a'a, uku, kullum, da guntun sunansa. Kowace lamba uku yake ce mata, amma yatsunsa suna gyara masa. Da aka tambaye shi yawan 'ya'yansa ya ce uku, ya ɗaga yatsu huɗu. Da aka tambaye shi shekarunsa ya nuna takwas sannan ya nuna huɗu. Bayan rasuwarsa Broca ya tarar da ƙaramin rauni mai iyaka a wuri ɗaya da na Leborgne, kuma a ɓangaren hagu.

Hagu, hagu, kullum hagu

Broca bai yi gaggawar cewa magana tana hagu ba. Faɗin haka na nufin rushe koyarwar Bichat da duk likitocin Faransa suka tashi a kai. Sai ya ci gaba da tara shaida. Zuwa 1863 yana da mutum takwas da suka rasa magana, dukkansu raunin yana hagu. Ya rubuta cewa abin ya ba shi mamaki, amma zai jira ƙarin hujja. A 1865 ya fito fili ya bayyana cewa da rabin hagu na ƙwaƙwalwa mutane ke magana. Ya danganta wannan da yadda mafi yawan mutane ke aiki da hannun dama, tunda rabin hagu ne ke juya shi.

A cikin wannan rubutu na 1865 ya faɗi abubuwa biyu da suka shafi iyalai kai tsaye. Na farko, idan rabin hagu ya lalace tun mutum yana ƙarami, rabin dama na iya ɗaukar aikin magana. Na biyu, babban da ya rasa magana ana iya sake koya masa, in dai za a yi haƙuri da shi kamar yadda uwa ke yi da ɗanta mai koyon magana. Ya ce abin da ke hana marasa lafiya da yawa farfaɗowa shi ne rashin wanda zai zauna da su ya ba su wannan lokaci. Aikin masu koyar da magana a asibitoci a yau a kan wannan fahimta ya ginu.

Gaskiya ta buƙaci a ambaci wani likitan karkara mai suna Marc Dax, daga kudancin Faransa. Tun 1836 ya rubuta cewa marasa lafiyarsa da suka rasa magana raunin hagu ne da su, amma ya rasu a 1837 ba tare da an buga rubutun ba. Ɗansa Gustave ne ya fito da shi a 1863, aka buga shi a 1865. Dax ya riga Broca lura, Broca kuma shi ya nuna ainihin wurin da hujjar binciken gawa. Shi ya sa likitoci a ko'ina ke kiran wannan wuri yankin Broca.

A 1874 wani matashin likita Bajamushe, Carl Wernicke, ya gano wani yanki na biyu a rabin hagu, can baya kusa da saman kunne. Wanda wannan wuri ya lalace masa yana magana tiryan-tiryan amma ba ma'ana, kuma ba ya gane abin da ake faɗa masa. Irin wannan majinyaci ne dangi suka fi yi wa zaton taɓin hankali ko shafar iska, alhali jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe.

Me ya sa dama ke tafiya da magana?

Jijiyoyin da ke ɗauko umarnin motsi daga ƙwaƙwalwa suna gittawa a gindinta, daidai inda take haɗuwa da lakar gadon baya. Mafi yawansu suna tsallakawa zuwa ɗaya ɓangaren. Saboda haka rabin hagu ke juya hannu da ƙafar dama, rabin dama ke juya na hagu. Likitocin Girka na dā sun lura cewa rauni a gefe ɗaya na kai yana taɓa ɗaya gefen jiki, amma sai a farkon ƙarni na 18 aka ga inda gittawar take.

Yankin Broca yana maƙwabtaka da wurin da ke juya fuska da hannu, kuma babbar jijiyar jini ɗaya ce ke shayar da su. Idan gudan jini ya toshe wannan jijiya a hagu, sai fuska da hannun dama su saki, magana ta tafi tare da su. Kimanin mutum tara cikin goma na-dama ne, kuma cikinsu kusan 95 cikin 100 maganarsu tana rabin hagu. Ko a cikin bahagwai, kusan 70 cikin 100 a hagu take. Rabin dama yana da nasa ayyukan, kamar sanin wuri da kula da abin da ke kewaye. Wanda ya samu rauni a can zai iya cin rabin abincin da ke faranti ya bar na hagu, ko ya manta da hannunsa na hagu kamar ba nasa ba.

Wannan batu na dama da hagu bai tsaya a jikin mutum ba. A birnin Faris ɗin dai, a 1848, Louis Pasteur ya duba ƙwayoyin wani gishiri a ƙarƙashin madubi ya ga iri biyu ne, masu kama da juna kamar tafin hannun dama da na hagu, ya ware su ɗaya bayan ɗaya. Daga baya aka gane cewa sinadaran jikinmu ma suna da ɓangare, kuma magunguna da yawa iri biyu suke zuwa, ɗaya ya fi ɗaya aiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na levofloxacin, alal misali, rabin hagu ne na wani tsohon magani mai suna ofloxacin.

Yaƙi da tiyata

Broca ya zama mamba a majalisar likitocin Faransa a 1866, ya kuma zama farfesan tiyata. A 1867 aka kawo masa wani tsohon ƙoƙon kai daga ƙasar Peru mai rami da aka yanka da hannu. Ya duba gefen ƙashin ya nuna cewa an yi aikin ne mutumin yana raye, kuma ya rayu kwanaki bayan haka, abin da ya tabbatar da cewa mutanen dā sun yi tiyatar kai tun kafin zuwan Turawa ƙasarsu.

Lokacin yaƙin Faransa da Jamusawan Furusiya a 1870 da tawayen da ya biyo baya a Faris a 1871, yana cikin shugabannin hukumar asibitocin gwamnati. Da ya ga kuɗin hukumar na cikin haɗari, ya sa aka fitar da faran miliyan 75 daga birnin a cikin keken kaya, an lulluɓe su da dankali. A 1871 ɗin kuma aka kawo masa wani lebura da doki ya harba a gefen kai na hagu, wanda bayan makonni maganarsa ta fara ɗaukewa. Broca ya auna ƙoƙon kan daga waje, ya huda daidai saman yankin magana, ya tarar da mugunya ya zubar. Mutumin bai rayu ba domin cutar ta riga ta shiga ƙwaƙwalwa, amma ana lissafa wannan aiki cikin na farko da alamomin majinyaci suka nuna wa likita inda zai buɗe. A 1878 ya bayyana wani zobe na nama a can cikin ƙwaƙwalwa wanda daga baya aka gano yana da hannu a tsoro da fushi da tunawa.

Inda ya yi kuskure

Bai kamata a ɓoye maka wannan ɓangare ba. Broca ya ɓatar da shekaru masu yawa yana auna ƙoƙon kai da nauyin ƙwaƙwalwa, ya ƙirƙiro kayan awo da dama don haka. Ya yi amfani da alƙalumansa ya ce Turawa sun fi baƙar fata basira, maza kuma sun fi mata. A awonsa matsakaicin nauyin ƙwaƙwalwar namiji giram 1,325 ne, ta mace 1,144. Amma matan da ya auna sun fi mazan tsufa, sun kuma fi su ƙanƙantar jiki, kuma duka biyun suna rage nauyin ƙwaƙwalwa. Masanin halittu na Amurka Stephen Jay Gould ya sake bin alƙaluman a wani littafi da ya fito a 1981, ya nuna yadda Broca ya fara da abin da ya riga ya yarda da shi, sannan ya zaɓi awon da zai goyi bayansa. Irin waɗannan rubuce-rubuce sun ba masu mulkin mallaka abin fakewa a Afirka. Kimiyyar yau ta yi watsi da su: launin fata ko jinsi ba ya auna basirar kowa. A batun magana Broca ya bar marasa lafiya sun gyara masa tunani, ya dace. A batun launin fata bai yi haka ba, ya ɓata.

Ƙarshen rayuwarsa

A farkon 1880 aka zaɓe shi sanata na har abada a majalisar dattawan Faransa, inda ya goyi bayan dokar buɗe makarantun sakandare na gwamnati ga 'yan mata. Bai daɗe a kujerar ba. Ya rasu farat ɗaya ranar 9 ga Yuli, 1880, yana da shekara 56. Sunansa yana cikin sunayen masana 72 da aka rubuta a jikin hasumiyar Eiffel, kuma akwai asibitin tsofaffi a Faris da ke ɗauke da sunansa.

Ƙwaƙwalwar Leborgne da ta Lelong suna nan har yau. A 2007 wata tawagar masana ƙarƙashin Nina Dronkers ta wallafa sakamakon hoton da ta ɗauke su da na'urar MRI. An ga cewa raunin ya yi zurfi fiye da abin da Broca ya gani daga waje, ya taɓa igiyoyin da ke haɗa gaban ƙwaƙwalwa da bayanta. Yanzu an san cewa magana aikin yankuna da dama ne masu haɗe da juna, yankin Broca ɗaya ne daga cikinsu. Da ya yanka su a 1861, da wannan gyara bai yiwu ba.

Abin da ya shafe ka a gida

Lokacin da likita ya ce ka yi murmushi, ka ɗaga hannu biyu, ka matse yatsunsa da dama sannan da hagu, yana gwada ɓangare ɗaya da ɗan'uwansa ne. Kai ma za ka iya yin haka. Idan wani naka ya canza farat ɗaya, duba abubuwa uku. Ka ce ya yi murmushi: shin baki ya karkace gefe ɗaya? Ka ce ya ɗaga hannuwansa biyu: shin ɗaya yana zamewa ƙasa? Ka ce ya maimaita gajeriyar jimla: shin maganar ta sarƙe, ta ɗauke, ko ta zama marar ma'ana? Ko ɗaya daga ciki ka gani, ka lura da ƙarfe nawa abin ya fara, ka kai shi asibiti nan take, wanda ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa idan da hali.

Kada a ba shi ruwa, abinci, jiƙo ko wani magani ta baki, domin haɗiya kan lalace, abin ya wuce huhu. Kada a ba shi asfirin kafin a yi hoto, tunda wasu jijiya ce ta toshe, wasu kuma fashewa ta yi, kuma asfirin na ƙara zubar jini. Idan ba ya cikin hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe. Allurar narkar da gudan jini, inda ake da ita, cikin awa huɗu da rabi na farko ake yin ta. Ko da alamomin sun wuce bayan 'yan mintuna, a je asibiti a ranar, domin sau da yawa gargaɗi ne na babbar shanyewa da ke tafe.

Hawan jini shi ne babban mai jawo wannan lalura, sai ciwon suga da shan taba da wasu cututtukan zuciya. Ka riƙa auna jininka, kuma kada ka daina shan magani don ka ji sauƙi. Yara masu sikila ma suna iya samun shanyewar ɓarin jiki, saboda haka a tambayi likitansu game da gwajin gudun jini a jijiyoyin kai.

Wannan dabara ta kwatanta dama da hagu tana aiki a sauran jiki. Ɗan bambanci tsakanin mama biyu ko ƙafa biyu da mutum ya tashi da shi ba abin damuwa ba ne. Sabon bambanci shi ne abin kai wa likita: ƙullutu ko canjin fata a mama ɗaya, kumburi da ciwo a sha-raɓa ɗaya, ciwon maraina ɗaya da ya zo farat ɗaya, ko baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa bayan buguwa a kai.

Idan kuwa kana zaune da wanda maganarsa ta riga ta ɗauke, ka tuna da yatsun Leborgne. Kusan ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki suna samun wannan matsala, kuma da yawansu suna jin duk abin da ake faɗa a kansu. Kada a yi hirarsa a gabansa kamar ba ya nan, kada a yi masa tsawa domin ba kurma ba ne. Ka yi masa tambaya ɗaya a lokaci ɗaya, wadda amsarta na'am ce ko a'a, ka jira. Ka bar shi ya nuna da hannu ko da hoto. Idan ashar ya fito daga bakin dattijon da bai taɓa yi ba, lalurar ce, kada a riƙe shi da shi. Wasu suna iya ƙirga ko rera abin da suka haddace tun ƙuruciya ko da ba sa iya kiran sunan 'ya'yansu, kuma masu koyar da magana suna amfani da wannan a matsayin mafari. Sauƙi ya fi sauri a watannin farko, amma yana iya ci gaba har shekaru. Ka tambayi likitanku inda za a samu mai koyar da magana da masu gashin ƙashi, a fara da wuri, a kuma riƙa maimaita darasin a gida kowace rana.